Ganyen Kwakwa a Wuyan Asusu

Malama Torika na tsakiyar rubuta wa 'yan aji takwas lissafi a allo sai ta hango taubashinta Rusiate ta taga, yana hawowa tudun makaranta da jarkar mai a hannu, yana kaɗa ta kamar mai zuwa biki. Jarkar da ake kaɗawa haka babu komai a cikinta. Kuma duk ƙauyen Nasauvatu an san jiya Malama ta je Vunisea ta ciro albashi, don a kwalekwale ɗaya ta dawo da rabin gari.

Ba ta tsaya dogon tunani ba. Ta zaro kuɗin daga jaka, ta nannaɗe su, ta cusa su cikin asusunta na gora da ke kan tebur, wanda take nuna wa yara misali da shi. Nata yana da toshi a gindi. In an tashi makaranta sai ta zare ta kwashe abinta, ta biya kantin gari ta sayi sukari da gari da kananzir. Yara duk sun duƙufa a kan rubutu, babu wanda ya gani sai Kelera da ke benci na gaba. Ita kuwa Kelera ta mai da idonta kan littafi kamar ba ta ga komai ba.

Amma ba Rusiate ne ya fara isowa ba. Wata gajeriyar tsohuwa ta wuce shi a kan tudun kamar yana tsaye, tana jan wani yaro da kunne. Da Rusiate ya ga ko wace ce, sai ya nemi gindin mangwaro ya zauna. Mai hankali ba ya shiga gaban Kaka Unaisi in ta ɗaura zaninta a sama haka.

"Torika! Fito nan."

"Kaka, ina kwana? An tashi lafiya?"

"Ban tashi lafiya ba. Kai, Epeli, faɗa mata abin da ka ce mini."

Epeli, jikanta, ɗan aji biyar, ya dubi yatsun ƙafarsa. "Na ce a'a."

"Da ƙarfi! Yadda ka faɗa a gaban matan coci."

"Na ce a'a, Kaka, sukari sha'awa ne, ba buƙata ba."

Ajin ya fashe da dariya. Torika ta juya ta harare su, suka yi tsit, ko da yake ita ma sai da ta ciji leɓe.

"Ki yi dariyarki," in ji Kaka Unaisi. "Ni na goya uban wannan abin. Ni na tauna masa gwaza tun ba shi da haƙori. Yau na roƙi ɗansa, na yi masa kerekere na kuɗin sukari, kuɗin da na ji da kunnena suna ƙara a cikin gora, ya dubi tsabar idona ya ce a'a. Ko mai kanti a Vunisea ba ya cewa a'a, cewa yake ki dawo gobe. Wannan kalmar daga ina ta shigo garin nan? A cikin jakarki ta shigo."

Nan kam tsohuwa ba ta yi ƙarya ba. Farkon shekara aka kira Torika wani horo a Suva, babban birni, a ɗaki mai sanyi, ana raba biskit. Wani mutum mai laktaya a wuya ya koya musu yadda za su koya wa yaran karkara tanadi: a raba buƙata da sha'awa, a ajiye kaɗan kullum, kuma yaro ya iya cewa a'a. Ta dawo da zafinta. Ta sa kowane yaro ya yanko gaɓar gora, aka huda 'yar kafa a sama, aka ƙona suna a jiki da ƙusa mai zafi. Ta rubuta a saman allo cewa da yayyafi kogi kan cika. Yara suka bazama, masu tsintar kwakwa na yi, masu cire ciyawa a gonakin yangona na yi, masu kamun ƙaguwa a taɓo na yi. Yangona ita ce saiwar da muke dakawa mu jiƙa mu sha a zaure, da ita kuma ake kai kowane babban roƙo. Ranar Juma'a sukan girgiza gorunansu tare, makaranta ta ɗauka kamar ana kiɗan Kirsimeti.

To, wannan kiɗan shi ya tona asiri. Gari ya ji yara sun yi kuɗi. Mu kuwa a nan, in ɗan'uwa ya sauke murya ya ce maka kerekere, an gama magana, ko rigar jikinka ce sai ka tuɓe. Haka muke rayuwa, kuma da haka babu wanda ya taɓa kwana da yunwa a Nasauvatu. Mutumin Suva bai san da wannan ba, ko kuma ya sani ya manta saboda sanyin ɗakin. Kafin tsakiyar shekara rabin gorunan sun sha adda. Torika ta hana a riƙa kwana da su a gida sai ranar Alhamis, ta kuma ƙara matsa wa yara a kan darasin a'a. Ga inda darasin ya kai ta.

"Na riga na je wurin mai gari Ratu Manasa," in ji Kaka Unaisi. "Da yamma za a buga ganga. A kawo gorunan nan duka zauren gari, a fasa, kowa ya karɓi na ɗansa, a huta. Mun aiko su koyon karatu, ba koyon rowa ba."

Ta saki kunnen Epeli, ta gyara masa kwalar riga, ta tura masa dafaffen rogo a aljihu, ta juya ta tafi.

Torika ta koma aji. Ba kunyar taron ba ce ta dame ta. Idonta ne ya faɗa kan Kelera, wadda ta rungume gorarta a cinya kamar za a ƙwace yanzu.

Gorar Kelera ita ce mafi nauyi a makarantar, kuma ita kaɗai ce a aji takwas ba ta taɓa shan adda ba, don yarinyar ta iya ɓacewa in ta hango babba na nufo ta da murmushi. Ubanta ya rasu tana ƙarama, uwarta saƙar tabarma take. Kelera ce ta ɗaya a aji, kuma babu mai shakkar za ta sami gurbi a makarantar kwana ta Vunisea a watan Janairu. Karatun kyauta ne, amma katifa ba kyauta ba ce, haka akwatin ƙarfe da takalmi da kayan makaranta. Yayarta Vasiti ma ta ci jarrabawar a lokacinta. Uwarsu ta tara kuɗin tabarmi, Kirsimeti ta zo da baƙi da bukukuwa da kerekere, Janairu ta tarar da gida wayam. Aka ce Vasiti ta jira baɗi. Yanzu tana wanke-wanke a wani otal a babban tsibiri. Kelera ta ga wannan da idonta, shi ya sa tun farkon shekara duk Asabar tana cikin taɓo har gwiwa, yatsunta duk tabon cizon ƙaguwa. In aka fasa gorar nan yau, kafin Lahadi kuɗin sun zama man kwalekwale da gwangwanin nama, kowa kuma da kyakkyawar niyya.

Da aka tashi, Torika ta ce wa Kelera ta bi ta ƙofar baya. Ita ta fito ta gaba, ta sami Rusiate ya miƙe yana karkaɗe zaninsa.

Rusiate ƙanin uban Kelera ne, kuma ɗan kawun Torika, wato taubashinta. Ƙato ne mai fara'a, silifas ɗinsa wari ja wari shuɗi, don duk abin da ya mallaka wani ya riga ya yi masa kerekere da rabinsa. Ba mugu ba ne. Tun rasuwar wansa, in ya fita su, kifin farko gidan su Kelera yake zuwa. Sai dai kuɗi a hannunsa kamar ruwa ne a kwando.

"Malama mai a'a," ya ce. "Na ji an ba ki sabon suna."

"Mai jarka ba mai, me ya kawo ka? In albashina ka biyo, ka makara."

"Wa yake son kuɗin malamai? Ba su da albarka, alli kawai suke wari. Wurin 'yata na zo. Ɗan kuɗin mai zan taɓa a gorarta, in fita can nesa, in dawo mata da kifin da ya fi kuɗin."

"Ta tafi gida."

"Ba komai. Da yamma ma za a fasa. Mai haƙuri yakan dafa dutse."

Torika ta ji kamar ta fasa masa jarkar a ka. Ta haɗiye, suka gangaro tare ta bakin teku, don hanyar gari ke nan in ruwa ya janye. Tana tafe tana juya abin da za ta ce a taro, kuma duk abin da ta juya sai ta ji muryar mutumin Suva a ciki. Ta san ko jimla ɗaya irin wannan ta fito daga bakinta a gaban dattawa, an gama.

Sai Rusiate ya tsaya cak, ya ajiye jarka, ya yi wani nishi mai ban tausayi.

"Dube shi. Don Allah dube shi. Ya kai cinyata."

Can cikin ruwa, inda aka kafa doguwar sanda da ganyen kwakwa ɗaure a kanta, kifaye ne birjik suna kai da kawowa. Tun rasuwar tsohon mai gari bara aka sa wa wannan ɓangaren tabu, wato hani, babu mai jefa ƙugiya ko taru. Kifayen kamar sun samu labari, har bakin yashi suke zuwa.

"Wancan mai jan baki," in ji Rusiate, "kullum sai ya zo ya yi mini gwalo. Ya san ni. Ya san ba ni da mai."

"To kama shi mana. Wa yake kallo?"

Fara'ar ta ɓace daga fuskarsa. "Ke, bar irin wannan wasan. Ko taubasantaka tana da iyaka. Kin manta surukin fasto da ya ci na cikin tabu? Sai da cikinsa ya yi kamar ganga, kuma sai da ya kawo alade sukutum ya ba da haƙuri."

"In Kaka Unaisi ce ta ce maka kerekere, kamo mini wancan mai jan baki fa?"

"Ba za ta ce ba."

"In ta ce?"

"Sai in nuna mata ganye. Ai ba ni na hana ta ba. Abin da ke ƙarƙashin ganye ba nawa ba ne balle in bayar, ba nata ba ne balle ta roƙa. Babu mai jin kunya, babu mai jin haushi." Ya ɗauki jarkarsa. "Ranar da aka kwance kuwa, za ki ga ci. Ke da karatunki ba ki san wannan ba?"

Ta sani mana, a nan aka yanke mata cibiya. Ba ta dai taɓa kallon sandar da wannan idon ba. Ta tsaya tana duban ganyen yana kaɗawa, da kifayen da suka yi ƙiba a ƙarƙashinsa, a gaban mutumin da ya fi kowa iya roƙo a duk tsibirin Kadavu, kuma bai taɓa ko ɗaya ba. Wani daɗi ya taso mata daga ciki har sai da ta yi dariya ita kaɗai.

Ta juyo, ta ɗan rusuna, ta tafa hannu a hankali, ta sauke murya.

"Kerekere, Rusiate."

Ya ja da baya. "Kai! Torika, ke fa malama ce."

"Saiwar yangonar nan babba da ka shanya a kan rufin ɗakinka."

"Wannan? Wannan ai ita zan kai gaisuwa gidan su nas ɗin asibiti! Shekara nawa ina renonta!"

"Kerekere."

Ya dubi sama, ya dubi teku, babu mai ceto. "Ɗauki," ya ce da muryar mara lafiya.

"Saura ɗaya. Mace ba ta gabatar da yangona a zaure. Bakinka nake so, kai za ka yi mini magana."

"In ce me?"

Ta faɗa masa. Ya saurara baki buɗe, ya dubi jarkarsa, ya sake dubanta.

"Wato in je da saiwata, da bakina, in roƙi a hana ni kuɗin man da na zo nema."

"Kerekere."

"Allah ya isa tsakanina da wanda ya kai ki Suva," in ji shi. Amma kafin su kai gari ya fara gwada maganar a bakinsa, yana gyara ta, don Rusiate ba ya son a ce wani ya fi shi iya roƙo.

Rana ta yi sanyi aka buga gangar itace. Maza suka zauna a tabarmi sun tanƙwashe ƙafa, akushin yangona a gaba, mata a baya, yara a waje sun cika tagogi. Ratu Manasa na zaune a sama, tsoho mai farin kai wanda yakan yi shiru har ka ɗauka barci yake. A tsakiyar zaure an tara gorunan da yara suka kwaso daga makaranta, da adda a gefe.

Kaka Unaisi ta maimaita ƙararta daga cikin mata, ta ƙara gishiri kaɗan. Maza suka yi ta gyaɗa kai. Wani ya ce shi ma 'yarsa ta tambaye shi ko taba buƙata ce. Aka yi dariya, amma dariyar ba ta kai ciki ba. Wani ya miƙa hannu wajen adda.

Sai ga Rusiate ya shigo da rarrafe a kan gwiwa, rungume da saiwar yangona mai rassa kamar ƙahon barewa. Ya ajiye ta gaban Ratu Manasa, ya dafa ta da hannu biyu, ya sunkuyar da kai.

Ya fara da neman gafara a madadin taubashiyarsa, wadda karatu ya yi wa yawa har ya zubo. Ya ce ta kawo wa yara kalmar da ba tamu ba, kuma ta ga kuskurenta. Torika, daga cikin mata, ta sunkuya har goshinta ya kusa taɓa tabarma, kuma ba don a gani ta yi ba. Sannan ya ce shi mai laifi ne fiye da kowa, don yau da jarka ya hau tudu zai taɓa gorar 'yar wansa. Ya ce ba mugunta ba ce, duk wanda ke zauren nan ya san hannunmu a buɗe yake, shiga da fita. Amma akwai abin da kakanninmu suka sani: in ana son kifi ya girma, ba masunci ake koya wa cewa a'a ba, ganye ake ɗaurawa.

"Ranka ya daɗe, ga ƙananan kifaye nan a cikin gora. Mun zo roƙon a ɗaura musu ganye."

Zaure ya ɗauki guna-guni. Wani dattijo ya ce tabu na teku ne da gonar kwakwa, bai taɓa jin an yi wa kuɗi ba. Wani ya ce to in ciwo ya kama yaro da dare fa? Ratu Manasa bai taɓa saiwar ba. Muddin bai taɓa ba, ba a karɓi roƙo ba.

Can ya ɗaga kai ya nuna gora mafi duhu a cikin tarin, wadda hannu ya goge har tana sheƙi. "Wannan ta wace ce?"

"Ta Kelera ce, ranka ya daɗe," in ji Torika.

"Me take tarawa?"

"Katifa da akwati. Na makarantar Vunisea."

Babu wanda ya ambaci Vasiti. Ba sai an ambata ba. Akwai mutane da dama a zauren da suka ci naman waccan Kirsimetin, suka hau kwalekwalen da kuɗin tabarmi ya sa wa mai. Uwar Kelera ta ja gefen zaninta ta rufe fuska.

Kaka Unaisi ce ta fasa shirun. "Ni fa ba sukari ne ya dame ni ba," ta ce, muryarta ta sauka. "Sukari ko yanzu na aika gidan fasto za a ba ni. Kalmar ce. Ba na son in mutu in bar jikan da ya iya rufe hannu. In ganye ne zai hana, ba bakinsa ba, to ba ni da ta cewa. Amma ranar da aka kwance tabun teku, kifin farko wa ake kai wa?"

"Tsofaffi," in ji maza da yawa.

"To haka nan ma. Ranar da aka fasa, kowane yaro ya fara ɗaukar abin da ya fara faɗowa ya kai wa tsohon gidansu da hannu biyu. Su san ba don kansu kaɗai ake tarawa ba."

Ratu Manasa ya miƙa hannu ya dafa saiwar. Aka tafa, tafi mai zurfi na cikin tafin hannu.

"A zuba, ba a ɗiba," ya ce. "In ciwo ne na gaske a zo wurina, ni na ɗaura, ni zan kwance. Ban da ciwo, kada wanda ya zo. Za a rataye su nan a azarar zaure, inda kowa ke gani." Ya dubi ɓangaren maza. "Sai bayan Kirsimeti."

Wani nishi ya fito daga ɓangaren maza kamar an taka alade. Mata suka ƙyalƙyale da dariya. A waje yara suka ɓarke da ihu har sai da aka aika a tsawata musu.

Aka yanko ɗanyen ganyen kwakwa, aka fara ɗaura wa kowace gora a wuya ana miƙa wa Rusiate, shi da yake da tsawo yana ratayewa. Torika na kallo, daɗi ya cika ta, har ta fara tunanin wasiƙar da za ta rubuta wa mutumin Suva. Sai ta ga Ratu Manasa ya ɗaga wata gora yana karanta sunan da ke jiki a hankali.

"Ma-la-ma. A'a, har da ta Malama! Madalla. Haka ake so, mai koyarwa ya fara da kansa."

Torika ta ɗaga kai ta gane gorar. Da yara suka kwaso gorunan aji, Epeli mai ƙwazo ya haɗa har da ta kan tebur. Albashinta ne a ciki, duka, har da kuɗin sukari da gari da kananzir.

"Kafin a ɗaura ta ƙarshe," in ji Ratu Manasa, "akwai mai magana?"

Ta buɗe baki. Abu ne mai sauƙi: ranka ya daɗe, wannan ta misali ce, bari in zare toshi. Amma ta san mutanenta. In Malama ta ɗebi nata kafin a ɗaura, mai taba zai ce shi ma ɗan kaɗan kawai, mai mai zai ce shi ma, kafin rana ta faɗi adda ta yi aikinta. Ta ɗaga ido ta ga Kelera a taga, ta riƙe ƙarfen tagar da hannu biyu, tana kallonta ita kaɗai. Yarinyar ta san abin da ke cikin gorar.

Torika ta rufe bakinta.

Aka ɗaura ganye. Rusiate ya karɓi gorar, ya girgiza ta a kunne don jama'a su ji. Shiru.

"Jama'a ku ji! Mai koyar da tanadi, ko sisi babu!"

Zaure ya kwashe da dariya, har Ratu Manasa sai da kafaɗarsa ta motsa. Rusiate ya sake girgizawa, wannan karon a hankali, ya ji wani abu mai laushi ya motsa a ciki. Ya dubi gorar, ya dubi Torika, ya tuna tagar ajin da ke kallon tudu. Murmushi ya bazu a fuskarsa har kunne. Ya rataye ta can ƙololuwa, sama da ta kowa, ya ƙulle igiyar da kyau. Da zai wuce ta kusa da mata ya sunkuyo.

"Ashe wanzami ba ya son jarfa. Saiwata ta gaishe ki."

Da aka watse, Kelera ta biyo ta har ƙofar gidan malamai. Yaran nan namu ba su iya godiya da baki ba. Ta dai ajiye ƙaguwa biyu ɗaure da igiyar ayaba a kan dakali, ta ruga.

Torika ta hura wuta ta ɗora ruwan shayi. Ta buɗe gwangwanin sukari, ta tarar da tururuwa biyu suna ta'aziyyar juna a gindi. Ta girgiza buhun gari, ƙura ta tashi. Ta zauna a bakin ƙofa tana ta dariya har hawaye, ga haushi ga daɗi, ba ta san wanda ya fi ba. Sannan ta ɗauki kofi, ta gyara zaninta, ta ratsa filin gari tun rana ba ta gama faɗuwa ba.

Kaka Unaisi na zaune a ƙofar ɗakin girki tana kankare kwakwa. Gefenta ga kwanon sukari, an aiko daga gidan fasto. Torika ta durƙusa, ta tafa a hankali, ta miƙa kofin.

"Kerekere, Kaka."

Tsohuwa ta dubi kofin, ta dubi mai kofin, ba ta yi gaggawa ba. Labari a Nasauvatu ba ya jiran safiya, balle wanda ya faɗa bakin Rusiate.

"Epeli!" ta kira. "Zo nan, ɗan makaranta. Gaya mini, sukari buƙata ne ko sha'awa?"

Epeli ya fito ya tsaya tsakaninsu. Ya dubi kakarsa, ya dubi malamarsa, ya shafa kunnen da aka ja da safe.

"Kaka, ba a kai mu nan ba tukuna."

Kaka Unaisi ta yi dariya har sai da ta yi tari. Ta karɓi kofin ta cika shi fal, ta danna da babban yatsa ta ƙara, ta ɗora dafaffiyar gwaza a kan ganye ta miƙa mata.

"Gobe ki zo da kwano," ta ce. "Wannan kofin ya yi ƙanƙanta, kuma albashi da nisa."